An ba ni tsarabar zanen dutse daga ƙasar Sin, me ake kallo a cikinsa?

Ɗan_Kwari77:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙasar Sin. A zuwana na ƙarshe Keqiao, garin kasuwar yadi a ƙasar Sin, sarin yadi, mutumin da muka shekara 6 muna ciniki da shi ya ba ni tsaraba a cikin wani dogon kwali. Yadda ya miƙo min da hannu bibbiyu, yana ta zuba bayani ta bakin tafinta, na ɗauka wani abin zinare ne. Da na dawo Kano na kwance, sai ga zane a naɗe kamar tabarma, da sanda sama da ƙasa. Dutse ne baƙi ya cinye kusan duk filin, bayansa kuma ruwan ƙasa kamar takardar da ta sha hayaƙi. Ba shuɗi, ba kore, ba rana. Uwargida ta ce wai sak bangon madafin da ake girki da itace. Tafintan ya rubuta min sunan mai zanen a bayan kati, Fan Kuan. Ya ce wannan kwafi ne, na asalin yana gidan adana kayan tarihi, kuma a wurinsu ba a haɗa shi da kowane zane. To don Allah me ake kallo a ciki? Na sa shi gaba wajen minti goma, ni dai dutse na gani. Ga hotonsa nan na ɗora.

Maman_Hanif:
Alhaji, shekara 6 kana zuba masa daloli ya sallame ka da hoton dutse? Ai da ka faɗa min na ɗauko maka na Dala kyauta, har da launi.

Tsohon_Direba:
Ni da na hango shi a ƙaramin hoto na ɗauka Zuma ne. Idan ka taso daga Kaduna da sassafe lokacin hunturu, kana dosar Madalla, haka yake fito maka, kai a sama, gindi ya ɓace a hazo.

Sadiq_Xian:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mutumin nan ya girmama ka. Ina karatu a Xi'an, lardin Shaanxi, kuma Fan Kuan ɗan lardin nan ne, daga wani gari da a da ake kira Huayuan, yanzu yana ƙarƙashin Tongchuan. Ya yi zamani a daular Song ta Arewa, wadda ta mulki daga 960 zuwa 1127, kuma wannan zanen an yi shi wajen shekara ta 1000. Sunansa idan aka mayar da shi Hausa, matafiya a tsakanin duwatsu da ƙoramu. Na asalin yana babban gidan adana kayan fada na Taipei a Taiwan.

Abu na farko da hoton waya ba zai nuna ba shi ne girma. Tsawon na asalin santimita 206 ne, faɗinsa 103, wato kamar ƙyauren ɗaki. An yi shi ne don mutum ya tsaya a gabansa dutsen ya rufto masa. Kalar hayaƙin da Hajiya ta gani kuwa ba mai zanen ya shafa ba, siliki ne ya yi shekara dubu ya dafe, masu kwafi kuma suka kwafo har da dafewar.

Amma ka lura da sunan: matafiya. Ka gan su kuwa? Duba can ƙasa ta hannun dama, inda hanya ta fito daga cikin bishiyoyi.

Ɗan_Kwari77:
Wane matafiya kuma? Bari na ɗauko tabarau.

Ɗan_Kwari77:
Ikon Allah. Akwai jakuna huɗu da kaya a bayansu, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana kora. Wallahi jiya ban gan su ba. Ko ƙwayar gyaɗa ba su kai ba a nawa.

Sadiq_Xian:
Yawwa. To yanzu sa idonka a kan jakin farko, ka ɗaga kai a hankali har ƙololuwar dutsen. Jiya dutse ka gani kawai, yanzu ka san tsawonsa, tunda ka samu abin aunawa.

Injiniya_Bash:
Ni fa ban cika son a riƙa zuzuta abu don kawai ya tsufa ba. Ku duba da idon lissafi. Duwatsun gaba kamar kana leƙa su daga sama, tudun tsakiya kana kallonsa ido da ido, babban dutsen kana ɗaga kai, amma kuma ciyayin da ke samansa ka gan su kamar kana cikin jirgi. Mutum ɗaya ba zai tsaya wuri ɗaya ya ga duk wannan ba. Babu inuwa, ba ka san ta ina rana take ba. A ajin zanen gini da ɗalibi zai kawo haka sifili zai ci. Gaskiyar magana a lokacin ba su gano yadda ake sa abu na nesa ya ƙanƙance bisa ƙa'ida ba, Turawan Italiya ne suka zo suka warware wannan a ƙarni na 15.

Zee_MaiBurushi:
Yaya Bash, abin da ka lissafa duk haka yake, hukuncin da ka yanke ne ban yarda da shi ba. Zane na karanta a Zariya, kuma wannan gardamar mun sha ta. Ƙa'idar Italiya tana ɗaure mai kallo a wuri guda da ido ɗaya, kamar mai leƙen taga. Su kuwa Sinawa ba taga suke yi ba, tafiya suke zanawa. Akwai wani mai zanen fada da ya zo bayan Fan Kuan kaɗan, Guo Xi, wanda ɗansa ya tattara koyarwarsa a rubuce. Ya ce dutse yana sauya kama da kowane taku da ka yi. Ya kuma kasa nisa gida uku: nisan da kake gindin dutse ka ɗaga kai, nisan da kake leƙawa daga gaban dutse zuwa abin da ke bayansa, da nisan da kake hango shimfiɗa har ta ɓace. Wanda ya zauna ya ware nisa kala uku ba za a ce bai san nisa ba. Ya zaɓi ya haɗa su a zane ɗaya ne saboda haka mai tafiya yake ganin dutse daga safe zuwa azahar.

Sannan kalli farin nan da ya raba tudun tsakiya da babban dutsen. Kusan ba a zana komai a wurin ba, silikin aka bari da ɗan wankin tawada. Shi Guo Xi ɗin ya ce idan kana son dutse ya yi tsawo, kada ka fito da shi duka, ka ɗaura masa hazo a ƙugu. Baba Direba ya faɗi wannan tun a sama ba tare da ya karanta kowa ba.

Tsohon_Direba:
Ashe ni ma malami ne ban sani ba. 'Yata, gaskiya ne kuwa, Zuma ya fi tsoratarwa ran da ba ka ganin gindinsa. Da bazara idan gari ya washe sai ka ga kamar ya rage tsawo.

Injiniya_Bash:
@Zee_MaiBurushi na ji batun hazo, wannan dabara ce. Amma "sun zaɓa ne" amsa ce da za a iya ba kowane kuskure. Har yanzu ban ga inuwa ba.

Zee_MaiBurushi:
Inuwa ta sa'a ɗaya ce a rana. Wanda yake son zana dutsen da ya sani shekara da shekaru, inuwar ƙarfe nawa zai ɗauka?

Malam_Zayyana:
Salamu alaikum. Ni dattijo ne, jikana ke riƙe min waya, amma da na ga ana maganar tawada na ce sai na sa baki. Shekara 40 ina rubutun allo da zayyana. Na sa yaron ya buɗa min hoton sosai, kuma abin da ya tsayar da ni ba jakunan ba ne, jikin dutsen ne. Ku matso da shi ku gani. Ba shafe aka yi ba. Ɗigo ne da gajerun ja, ɗaya bisa ɗaya, wani mai kauri wani siriri, wani baƙi wuluk wani kamar an tsoma alƙalami a ruwan wankin allo. Dubbai ne. Duk wanda ya taɓa cike gidan zayyana da ɗigo ya san abin da wannan ke ci na haƙuri, da yadda hannu ke mutuwa idan ka yi ɗari biyu. Wannan hannun bai mutu ba har ƙarshe.

Tambayata ga yaron nan na Sin: da me suke haɗa tawadarsu? Mu zuge muke yi da gawayi da ƙaro, a zuba a kurtu. Amma tamu idan ta sha ruwa wankuwa take yi, don haka ma ake rubutun sha da ita. Tasu ta yi shekara dubu.

Sadiq_Xian:
Baba, barka da shigowa, Allah ya ƙara lafiya. Kusan dangin juna ne. Su kunkunniya suke tarawa, a zamanin Fan Kuan galibi ta itacen da suke kira song, mai ganye kamar allura, daga baya aka yawaita ta hayaƙin mai. Sai a kwaɓa ta da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, a kirɓa, a zuba a mazubi ta bushe ta zama sanda mai tauri. Ran da za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi a riƙa goga sandar har ta ba da baƙin da ake so. Danƙon fatar nan shi ne bambancin, idan ya bushe a jikin siliki ko takarda ya kama ke nan. Alƙalaminsu kuma gashin dabba ne a bakin gora, mai tsini, shi suke rubutu da shi, shi suke zane da shi.

Ɗigon da ka gani suna da suna a wurinsu, ɗigon ruwan sama suke ce masa, kuma da shi aka san Fan Kuan. Na je dutsen Hua, wanda ba shi da nisa da Xi'an, inda ake cewa ya zauna shi da tsaunukan Zhongnan yana kallon duwatsu. Bangon dutsen a tsaye yake kamar an sare da gatari, jikinsa duk tsaga da ƙuraje. A nan na gane ɗigon nan ba ado ba ne, fatar duwatsun yankinsu ce.

Malam_Zayyana:
Madalla. To ai shi ke nan, Alhaji mai tambaya. Ka ce babu launi. Ni na ƙirga baƙi ya fi kala biyar a hoton da ka ɗora. Kurtu ɗaya, ruwa ne ke raba su. Kuma a siliki babu gogewa, inda alƙalami ya sauka ya sauka. Mu allo muke wankewa idan mun ɓata.

Zee_MaiBurushi:
Baba ka faɗi abin da su kansu suke faɗa, tun zamanin daular Tang suna da magana cewa tawada ita kaɗai tana ɗauke da launi biyar. Ƙaramin gyara dai ga Alhaji: na asalin akwai ɗan launi kaɗan a wasu wurare, mai rauni sosai, amma tawada ce ke ɗauke da aikin.

Abu_Sumayya:
Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Kafin a kai ga kyau ko rashin kyau, ya halatta ya rataye shi a falo? Da dutse ne da bishiya kawai babu magana, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Ibn Abbas, ya ce masa idan ba makawa sai ka yi, to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Amma yanzu kun tono mutane biyu da dabbobi huɗu a ciki.

Maman_Hanif:
Ka ga Sadiq ka jawo wa Alhaji. Jiya zanensa halal ne, yau ka nuna masa jakuna.

Ta_Damagaram:
Malam Abu Sumayya, mutanen da sai an sa tabarau ake ganinsu, ko fuska ba a rarrabewa? Ni dai na san malamai sun yi bayani mai yawa a kan irin wannan, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Alhaji ya ɗauki zanen ya kai wa malaminsa ya gani da idonsa, ya fi a yanke masa a nan.

Mai_Gadin_Zaure:
Tambayar Abu Sumayya tana da muhimmanci, amma ba zauren fatawa ba ne nan. Shawarar Hajiya ta Damagaram ta wadatar. A koma kan zane.

Ta_Damagaram:
To bari na koma. Ni abin da ya taɓa ni ayarin ne. Kakana bafatake ne, da jakuna yake bin hanyar Damagaram zuwa Kano, kanwa da fata a tafi, goro da tufafi a dawo. Kakata takan ce idan ayari ya fita gari tana hawa tudu tana kallonsu har su koma kamar tururuwa, daga nan sai addu'a. Da na ga mutum biyun nan a gindin wannan uban dutse, su na tuna. Ba su ma ɗaga kai suna kallon dutsen ba, harkar gabansu suke, su kai kaya kafin dare. Ina ganin abokin cinikin Alhaji ya san abin da ya zaɓa. Ɗan kasuwa ya ba ɗan kasuwa hoton fatake.

Ɗan_Kwari77:
Hajiya, wannan magana ta shige ni. Tafintan ya yi ta faɗin wani abu game da doguwar hanya, ni kuma hankalina yana kan kwantena, ban saurara ba.

Injiniya_Bash:
Af, kuma ba jakuna ba ne, alfadarai ne. Ku duba tsayin ƙafafun.

Tsohon_Direba:
Injiniya, dabbar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ka auna ƙafarta? Jakuna ne, ga kunnuwa.

Nura_Tarihi:
Wani abin da zai taimaka a gane tsufan abin: lissafin da aka saba bi na tarihin sarakunan Kano yana sa hawan Bagauda a 999. Wato lokacin da ake kafa sarautar Kano, wannan bawan Allah yana zaune yana ɗiga tawada a kan silikin da har yau yana nan. Kuma yadda ya tsira ma labari ne. Yana cikin kayan fadar Beijing da aka kwashe a akwatuna a 1933 saboda matsowar sojojin Japan, aka yi ta yawo da su kudu da yamma tsawon yaƙi, sannan a 1948 da 1949 aka tsallaka da wani kaso zuwa Taiwan. Gidan da yake ciki yanzu a 1965 aka buɗe shi.

Tambayata ga Sadiq: ta yaya aka tabbatar na Fan Kuan ne? Shekara dubu ba wasa ba.

Sadiq_Xian:
Malam Nura, nan ne daɗin labarin. Ɗaruruwan shekaru ana cewa nasa ne bisa salo da shaidar masana. Wani babban masanin zane na daular Ming, Dong Qichang, wanda ya rasu a 1636, ya rubuta a saman zanen cewa na Fan Kuan ne. Amma ba wanda ya nuna sa hannu. Sai a 1958 wani ma'aikacin gidan, Li Lin-ts'an, ya bi zanen gida-gida da gilashin ƙara girma, ya tarar da haruffa biyu na sunan a ɓoye cikin ganyen bishiya, can gefen dama, bayan mutumin da ke kora dabbobin. Sarakuna sun mallaki zanen, masana sun yi rubutu a kansa, suna yana cikin ganye yana kallonsu.

Akwai masu cewa a yi hattara, domin Kuan laƙabi ne, ma'anarsa mai faɗin zuciya, sunansa na yanka Zhongzheng, kuma suna tambayar ko mutum zai sa hannu da laƙabin da mutane suka laƙaba masa. Duk da haka mafi yawan masana sun karɓi zanen a matsayin nasa.

Maman_Hanif:
Mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfin kowa ya ɓoye sunansa a ganye. Tela na ɗinka min riga ya manna lambar wayarsa a wuya.

Aliyu_Grafiks:
Ni abin da ya dame ni jajayen tambarin nan da ke warwatse a sama da gefe. Wa ya ɓata zanen da su? Kamar takardar fili da ta zaga ofisoshi.

Zee_MaiBurushi:
Hatimin waɗanda suka mallake shi ne, Aliyu. A al'adarsu wanda zane ya shigo hannunsa yakan buga hatiminsa, wani ma ya rubuta waƙa ko sharhi. Da su ake bin sawun inda zane ya bi. Amma ba kai kaɗai abin ke ba haushi ba, akwai sarkin da ya yi ƙaurin suna a wannan, Qianlong na daular Qing, wanda ya hau mulki a 1735.

Bari na ba ku labarinsa da wani zanen, tunda an zo wurin. Huang Gongwang ya zana tsaunukan Fuchun wajen 1350 yana dattijo mai kusan shekara 80. Shi ba na ratayewa ba ne irin na Alhaji, na naɗi ne a kan takarda, ana ware shi a kan tebur daga dama zuwa hagu, zira'i ɗaya a lokaci guda, kana naɗe wanda ka wuce. A 1650 mai shi, Wu Hongyu, yana gargarar mutuwa ya sa a jefa shi wuta don ya tafi da abinsa. Ɗan ɗan'uwansa ya fizgo shi, amma ya riga ya rabu biyu. Guntun, kimanin rabin mita, yana gidan tarihi na lardin Zhejiang a Hangzhou, dogon mai fiye da mita 6 yana Taipei. Sai a 2011 aka haɗa su wuri ɗaya a baje koli a Taipei.

To shi Qianlong kwafin jabu ne ya fara shigowa hannunsa, ya yarda shi ne na gaske, ya yi ta rubutu a kansa fiye da sau 50 har ya cike sararin sama da na ruwa. Da na gasken ya iso fada sai ya ce shi ne jabu. Hakan ya sa ya bar shi ya huta.

Aliyu_Grafiks:
Kai! Jabun ya zama garkuwa ke nan. Allah ya saka wa mai jabun nan.

Injiniya_Bash:
Wannan ai ya ƙarfafa maganata ne. Idan sarkin da ya tara dubban zane bai iya bambance na gaske da jabu ba, to yawancin yabon nan suna ake yabo, ba aiki ba. A cire sunan Fan Kuan a kai zanen Alhaji kasuwar Kurmi, nawa za a taya?

Malam_Zayyana:
Ɗana Injiniya, a Kurmi ma idan ka kai Alƙur'ani rubutun hannu guda biyu, mai wucewa ba zai bambance ba, amma alaramma yana buɗe shafi ɗaya zai ce maka wannan hannun ya nuna, wannan ɗanye ne. Kuskuren sarki ɗaya bai mayar da hannu biyun ɗaya ba. Ni ban san sunan mutumin nan ba sai yau, ban iya ma faɗinsa daidai, amma ɗigonsa na gani.

Ka duba kuma ruwan da ke zubowa ta dama, siriri kamar zare. Bai zana ruwan ba. Ya baƙanta lungun dutsen hagu da dama ya bar tsakiya fari, ruwa ya fito da kansa. Haka muke barin farin layi a zayyana, kuma shi ya fi wuya, don hannu ɗaya ya kauce zaren ya tsinke.

Injiniya_Bash:
Baba, a kan ruwan na sallama, ban lura ba a zana shi aka yi ba. Sauran kuwa ina nan a kan bakana.

Sadiq_Xian:
Tunda Yaya Bash ya ce suna ake bi, akwai maganar da tsofaffin littattafansu suka rawaito daga Fan Kuan. Da farko salon wani babban mai zane, Li Cheng, yake kwaikwaya. Daga baya ya ce koyo daga abin da ke gabanka ya fi koyo daga mutum, koyo daga zuciya kuma ya fi duka biyun. Sai ya tattara ya koma cikin duwatsu. Don haka wannan ba hoton wani dutse guda ba ne da za ka je ka tsaya a gabansa. Ba a filin ya zana shi ba, ya sha kallo ne ya dawo ɗaki ya fitar da abin da ya taru.

Irin wannan zane gaba ɗaya shanshui suke kiransa, dutse da ruwa ke nan kalma da kalma. Wanda kuma ke shirin zuwa Taipei don ya gan shi ya bincika tukuna, ba kullum yake a rataye ba. Haske yana cin siliki, sai a fito da shi 'yan makonni a mayar shekaru. A 2021 an fito da shi tare da zanen farkon bazara na Guo Xi na 1072 da na Li Tang na 1124, mako shida kacal.

Maman_Hanif:
Wato na Alhaji ya fi na Taipei amfani, kullum yana nan.

Ɗan_Kwari77:
Na gode ƙwarai jama'a. Bayan isha'i na rataye shi a ƙusar kalanda, na zauna a ƙasa kan darduma yadda Sadiq ya ce, na fara daga jakunan. Na bi hanyar, na ga ƙorama, na ga rufin wani gini ya leƙo daga cikin bishiyoyi a kan tudun dama, shi ma da ban gan shi ba. Daga nan hazon, sai dutsen. Ba zan ce na gane duk abin da Malama Zee ta faɗa ba, amma na daɗe a zaune har shayina ya huce. Sa hannun ne dai ban samu ba. Ni da Abba mun haska fitilar waya a ganyen nan har idona ya fara ruwa. Ko nawa kwafin ya yi ƙanƙanta ne?

Uwargida ta ce ya zauna a falo amma ba bangon da baƙi ke fuskanta ba. Malam kuma sai Juma'a zan kai masa.

Sadiq_Xian:
Zai yiwu ƙanƙantar ce, Alhaji, a na asalin ma da ƙyar ake gani. Duba daidai saman kan mutumin baya, ka matsa dama kaɗan. Kuma kada ka rataye shi inda rana ke bugawa, lokacin damina ka naɗe shi ka ajiye wuri mara laima.

Ɗan_Kwari77:
To. Saura tukwici, wata mai zuwa zan koma. Me zan kai masa? Na yi tunanin hula da turare.

Malam_Zayyana:
Ka zo na yi maka zayyana a allo, ado zalla ba aya a ciki, da zuge da ja da rawaya. Ka ce masa tawadarmu ce, amma kada ya bari ruwa ya taɓa.

Tsohon_Direba:
Alhaji idan ka je ka tambaye shi, jakuna ne ko alfadarai.

Injiniya_Bash:
Alfadarai ne.